Takaba a Gidan da Ba Rufi

Ranar da labarin ya iso wa Rahamatu, tana tsugune a tsakar gida tana kankare gindin tukunya. Juma'a ce, an daɗe da saukowa daga masallaci, tuwon maigidan na rufe a kwano har ya yi sanyi. Sai ta ji moto, wato babur, ya tsaya a ƙofar gida. Lado ne, ƙanin mijinta. Tun da aka kawo ta gidan nan na Kokoro, a unguwar Sankilo ta birnin Bangi, Lado bai taɓa shigowa bai tsokane ta ba, ko ya ce miyarta ba gishiri, ko ya ce tsufa ya cim mata. Ran nan sai ya yi sallama kamar baƙo, ya tsaya daga nesa da hula a hannu.

"Hajiya, sai haƙuri. Yaya ya riga mu gidan gaskiya."

"A ina?"

"A Site. Maigadi ne ya same shi a kan kujerarsa, a falo."

"Wane falon?" in ji ta. "Wanda ba rufi?"

Lado ya sunkuyar da kai. Ya miƙo mata carbi da wani makulli babba da aka samu a aljihun mamacin. Sai a lokacin ta yi salati, tukunyar ta kuɓuce mata ta gangara har bakin rariya.

Wanda bai san Site ba zai ce baƙin ciki ne ya juya mata harshe. To ga yadda abin yake.

Mijinta, Alhaji Ɗantala, ɗan sari ne a titin Koudoukou. Silifa da bokitai da butocin roba yake kawowa daga Duwala ya sayar wa 'yan kiri. Mutumin kirki ne, ba ya zagi, ba ya duka, ba ya ƙwauron cefane. Aibinsa ɗaya: ya yarda cewa komai na duniya silifa ne. In samfur ya yi kyau, ka sari katon, wato kwalin gaba ɗaya. In kasuwa ta faɗi, masu ƙaramar zuciya su gudu, kai ka shiga ka kwasa. Da wannan karatun ya ɗaure arzikinsa, da shi kuma ya kwance shi.

Shekarar da kasuwa ta yi sanyi, motocin kaya suka rage zuwa, siminti ya yi tsada, 'yan canji suka koma hamma a bakin titi, sai ga wani mutum mai suna Haris, wakilin wani kamfanin gine-gine, yana bin shaguna da takarda mai sheƙi. A jikin takardar ga gidaje layi-layi, farare tas, ga ciyawa kore shar, ba kwata, ba cunkoso, ba mai tare ka a hanya. Sunan wurin na Faransanci ne mai tsawo, mutanen Sankilo suka datse shi suka ce Site. Yana can bayan gari a hanyar Mbaiki. Haris ya ce saboda halin da ake ciki kamfani ya karya farashi, kuma wanda ya biya gaba ɗaya shi za a fara gama wa.

Aka kwashi 'yan kasuwa a bas aka kai su suka ga gidan samfur. Shi kaɗai aka gama, amma fa an gama shi tsaf, har da labule da furen roba. Alhaji ya ƙwanƙwasa bango, ya murɗa famfo, ruwa bai zo ba. Haris ya ce yeke yeke, wato sannu a hankali. Alhaji ya dawo gida idanunsa na ƙyalli.

"Na ga samfur," in ji shi.

"Katon ɗin fa?"

"Yana hanya."

"Alhaji, gida ba silifa ba ne."

"Ke dai ba ki san kasuwa ba. Yau ce ranar sari. Duk layinmu za su saya. Nasidi zai saya, Dabo zai saya, mu kwashe Sankilo ɗungurungum mu kai ta inda iska take."

Mutanen layin kuwa kowa ya ce zai saya, sannan suka yi abin da masu wayo ke yi, suka ja gefe su ga yadda za ta kaya da shi. Shi kaɗai ya sayar da gidan da yake ciki. Nasidi ɗan canji ne ya saya, don ya daɗe yana neman wurin da zai yi sito. Aka yi cinikin yadda ake yi a Sankilo, hannu da hannu a gaban shaidu, a kan Alhaji da iyalinsa su ci gaba da zama har ranar da ya tare a sabon gida. Rahamatu ta yi faɗa, ta yi kuka, ta yi gaba da shi har ta gaji, ta koma tuƙa masa tuwo.

Da yake ɗan kasuwa ne, filin ma na bakin hanya ya zaɓa, jikin gidan samfur, inda duk mai shigowa sai ya gifta ta gabansa. Ya ce rumfar gaba ita ce rumfa. Kamfani ya ɗora masa bulo har ya kai inda za a kafa katako, daga nan aiki ya tsaya cak. Sauran filayen kuwa, wasu harsashin gini ne kawai, wasu igiya da turaku.

Alhaji bai zauna jira ba. Duk wanda ya ga abin da aka gani a Sankilo lokacin rikici ya san darajar ƙofar ƙarfe. Ya sa mai walda ya yi masa wata mai kauri, shuɗiya, da sakata sama da ƙasa, aka kai aka kafa ta tsakanin ginshiƙai biyu a gaban ginin. Katanga kuwa aikin kamfani ce, tana nan cikin takarda mai sheƙi. Sai ƙofa ta tsaya ita kaɗai a fili, ciyawa dama, ciyawa hagu, awaki na wucewa ta inda suka ga dama. Amma shi in ya je, sai ya zaro makulli, ya buɗe, ya yi sallama, ya shiga, ya mayar ya rufe.

A majalisar bakin shago aka samu abin taunawa.

"Alhaji, ya gidan sama?"

"Ai bene ne," in ji Dabo. "Hawa na farko na kamfani, na biyun Allah ya gina da kansa."

Abin ya riƙa cinsa. Ya je ya sami Haris, Haris ya ba shi shawarar da ta gama da su. Ya ce kwanon rufi na hanya, amma kaɗan ne, kuma kamfani zai fara da wanda ya riga ya buɗe gidansa. In Alhaji ya yi walimar tarewa, aka ɗauki hoto aka nuna wa manya, shi ke nan ya shiga gaba.

Alhaji ya sayi rago. Ya gayyaci layi kaf, ya ɗauko Malam Isma'ila, limamin masallacin unguwa. Rahamatu ce ta dafa shinkafar, tana dafawa tana faɗa wa tukunya abin da ke ranta. Da aka isa Site, Alhaji ya tsaya bakin ƙofarsa cikin farar shadda yana karɓar baƙi, kowa ya bi ta ciki yana danne dariya. Ita kuwa ta ɗauko kular abinci a ka, ta kewaye ginshiƙi ta cikin ciyawa.

"Rahamatu, gidan nan yana da ƙofa."

"Na gani. Katangar nake nema."

Maza suka kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma ta ga yadda ya mayar da makullin aljihu a hankali. Malam ya yi addu'ar tarewa, aka shafa, aka ci nama, Haris ya ɗauki hoto. Kwano bai zo ba. Daga nan duk Juma'a in an sauko masallaci sai Alhaji ya hau moto ya tafi, ya zauna a kujerar roba a tsakiyar falonsa yana kallon hanya ko zai ga motar kwano. A nan ajali ya same shi.

Ba a daɗe da sadakar uku ba sai ga buhunan albasa a zaure. Nasidi ne ya aiko. Washegari aka kawo kwalayen sabulu aka jera a baranda. Daga nan sai kifi banda. 'Yan dako ƙarti suna shiga suna fita ba riga, ita kuwa mai takaba ce, ba ta fita, ba ta ado, ba ta son idon baƙon namiji a kanta. Sai ta koma ɗaki ɗaya kamar kaza a akurki.

Ta aika aka kira Malam Isma'ila. Ya zo tare da Nasidi, suka zauna a zaure tsakanin buhuna, ita tana bayan labule.

"Malam, ina mai takaba ke zama?"

"A gidan mijinta, Hajiya, inda labari ya same ta."

"To, nan ne."

Nasidi ya yi gyaran murya. Shi ke sayen man janareton masallaci, kowa ya sani, Malam ma ya sani.

"Haka ne," in ji Malam. "Sai dai gidan miji shi ne inda ya tare. Ni kuwa da bakina na yi addu'ar tarewa. Ba zan ce ban yi ba."

"Ka kuma ci cinya."

"Hajiya, a yi haƙuri."

"Ni fa ba korar kowa nake yi ba," in ji Nasidi, da murya mai laushi kamar ta mai ta'aziyya. "Wa zai kori mai takaba? Allah ya kiyaye. Amma sharaɗi sharaɗi ne, marigayi ya tare, duk layi shaida ne, ba wanda bai ci naman ba. Zaman da kika ga kuna yi tun daga ranar, kara ce na yi. Yanzu kaya sun iso, ga damina, in bar su a waje?"

Wato albasa ba ta son ruwa. Rahamatu ta tashi ta koma ɗaki.

Da safe ta leƙo ta ga an fitar da dardumar Alhaji da butarsa an ajiye bakin rariya, ɗakinsa ya cika da buhuna har rufi. Ta ɗauki dardumar ta kakkaɓe. Ta aika aka kira yayarta Mas'uda, bazawara mai sayar da goro, wadda bakinta bai taɓa hutawa ba cikin Hausa ko cikin Sango. Ta kuma kira Lado.

"Nemo mini motar kaya."

"Zuwa ina, Hajiya? Ki zo gidana, ɗakin yara…"

"Ɗakin da kuke kwana kamar kifin gwangwani? Tunda duk Sankilo ta shaida ya tare, to matar mutum tana inda ya tare. Site za ni."

"Ba rufi fa!"

"Ashe kun sani."

Aka loda katifa da tukwane da murhu, da wani tampol da aka raba musu tun lokacin rikici. Da suka isa, ƙofar shuɗiya na nan a kulle tana gadin ciyawa. Makullin na ɗaure a haɓar zanenta, amma ba ta kwance shi ba. Suka kewaye ta gefe suka shiga. Kujerar robar na tsakiyar falo, ruwa ya taru a mazauninta. Rahamatu ta zubar da ruwan, ta mayar da ita yadda take, tana fuskantar hanya.

Suka shimfiɗa tampol a kan ɗaki ɗaya suka danne da bulo. Daminar Bangi kuwa ba ta wasa. In ruwa ya sauko sai tampol ya yi ciki kamar mai wata tara, Mas'uda ta ɗauki taɓarya ta tokare shi, ruwan ya zube ta gefe, rabi waje rabi kan katifa. Mas'uda ta zagi kamfani, ta zagi Nasidi, ta zagi albasa, in ta zo kan Alhaji sai ta ce Allah ya jiƙansa da ƙarfi, yadda za a gane sauran.

Ranar Asabar bas ta iso da masu son saye. Haris ya sauko da taye a wuya, yana nuna musu inda makaranta za ta kasance, da inda asibiti zai kasance, duk ciyawa. Sai ya hango hayaƙi na tashi daga ginin da ke jikin samfur, ga zannuwa an shanya a tagar da ba gilashi. Ya bar baƙinsa ya zo da sauri, ya yi gaisuwa cikin Sango.

"Mama, bara mo. Me kuke yi a nan? Nan wurin aiki ne, ba a zama!"

Rahamatu na bayan zanen da suka rataya a bakin ɗaki.

"Ba kai ka ce a tare ba? Ka ɗauki hoto, ka ci hanta."

"Wannan ai na talla ne, Mama."

"To ga tallar ta zo da tabarmarta."

Ya sassauta murya. Ya ce kamfani zai kama mata ɗaki a cikin gari, mai siminti, mai lantarki, har a gama nan.

"Ɗana, mai takaba sau ɗaya take ƙaura, shi ma don dole. Na yi nawa. Daga nan sai na cika wata huɗu da kwana goma, ko kuwa a fitar da ni yadda aka fitar da shi."

Ana cikin haka, wata mata cikin baƙin, ma'aikaciyar ofis da jaka a hammata, ta biyo shi ta leƙo. Ta yi gaisuwa cikin Sango, ta ce ita ma tana son saye, shin ya zaman wurin?

Rahamatu ba ta yi ƙarya ba, ba ta kuma yi zagi ba. Ta ce, "Wuri mai kyau ne, 'yar'uwa. Iska kamar yadda aka faɗa. Ruwa ma ba sai kin murɗa famfo ba, har kan gado yake samunki."

"Maigidan fa?"

"Ga kujerarsa can. A kanta yake jiran kwano aka zo aka ɗauke shi. In kin biya, ki zo in ba ki aro."

Matar ta riƙe jakarta da hannu biyu ta koma cikin bas. Ba ta ko shiga samfur ba.

Haka aka riƙa yi duk Asabar. Haris ya so ya sauya wa bas hanya, amma hanyar ɗaya ce, samfur ɗin ma ɗaya ne, kuma bangonsa kusan na gogar nata. Rumfar gaba ita ce rumfa. A wannan dai Alhaji bai yi kuskure ba. Mas'uda har teburin goro ta kafa a bakin hanya, duk wanda ya sayi ƙwaya ɗaya sai a ba shi labarin gyara.

Da arba'in ta matso, Lado ya zo ya ce za a yi addu'a a masallacin unguwa, ya fi sauƙi ga mutane.

"A gidan mamaci ake yi," in ji Rahamatu. "Inda suka zo cin rago, nan za su zo. Ka ce Asabar."

Ba wanda ya iya cewa a'a. Ranar suka iso a moto da tasi, manyan riguna sun sha jar laka, hadari kuma ya haɗo baƙi ƙirin ta gabas. Rahamatu na leƙe ta ramin taga. Ta ga Dabo ya tattare rigarsa ya kewaye ƙofa ta dama. Nasidi ya bi ta hagu. Malam Isma'ila ya tsallake igiya. Ɗaya bayan ɗaya suka riƙa shigowa ta cikin ciyawa kamar awaki, ba wanda ya ko dubi ƙofar.

Ita kanta ta nan take bi. Amma da ta ga su suna yi, sai abin ya ɓata mata rai. Tun rasuwar ba wanda ya ji ta ɗaga murya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, ta fito bakin ɗaki.

"Ku koma!"

Maza suka tsaya suna kallon juna.

"Na ce ku koma. Gidan nan yana da ƙofa."

Ta kwance makullin daga haɓar zane ta miƙa wa Lado. Ba wanda ya yi dariya wannan karon. Dattawa da furfurarsu suka juya, suka sake kutsawa cikin jiƙaƙƙiyar ciyawa, suka yi layi a waje. Lado ya buɗe, ƙofar ta yi ƙara don ta kwana biyu ba a taɓa ta ba. Kowa ya yi sallama ya shigo. Nasidi ma ya yi, a hankali, kamar mai tsoron a amsa masa.

Aka zauna a falo aka kewaye kujerar roba. Malam bai kai ko'ina cikin addu'a ba sama ta ɓalle. Ba wurin fakewa sai ɗakin mai takaba, can kuwa namiji ba ya shiga. Tashi kuma ba dama, ana tsakar addu'a. Sai suka zauna ruwa na dukansu, huluna suka lanƙwashe, shaddodi suka manne da jiki, Malam na sauri yana haɗiye rabin kalmomi, ana cewa amin da haƙora na kaɗawa.

Cikin wannan hali bas ta iso. Ran nan ba Haris kaɗai ba ne, mai kamfanin ne da kansa, da wasu baƙi da suka zo daga waje da niyyar sayen layi guda. Suka sauko da lema, suka tsaya suna kallon dattawan Sankilo a tsugune cikin ruwa a gidan da ba rufi. Ɗaya ya tambaya ko zanga-zanga ce. Haris ya ce a'a, bikin mazauna unguwa ne. Mas'uda na kusa da faranti a ka, ta gyara masa zancen cikin Sango, dalla-dalla, tun daga rago har kujera.

Mutanen Sankilo sun jiƙe, sun ji kunya, kuma ba wanda ke son ya ce da nasa hannun a ciki. Da suka ga mai kamfani sai suka ga inda za su sauke. Suka yi masa caa. Wanda muryarsa ta fi ta kowa kuwa Nasidi ne, ruwa na zuba daga gemunsa, yana nuna tampol da yatsa.

"Ku ji tsoron Allah! Mace mai takaba, ku bar ta ba rufi? Ina imani? Ina tausayi?"

Daga bayan zane Rahamatu ta ce, "Alhaji Nasidi, ya albasa? Ba ta jiƙe ba dai?"

Ya yi kamar ruwa ya toshe masa kunne.

Mai kamfani ya dubi baƙinsa, ya dubi dattawa, ya rantse cewa kafin wata Asabar za a rufe gidan. Sai dai a rumbun kamfani ko falle ɗaya na kwano babu, kuma ba mai ba su bashi. Amma an ce dabara ba ta ƙarewa ɗan kasuwa. Cikin makon kafintoci suka zo da tsani, suka hau gidan samfur, suka kwance kwano da katakon ɓangaren baya, wanda ba a gani daga hanya, suka ɗora a kan na Rahamatu. Ya rufe ɗakuna biyu da falo. Samfur ya zama rabi da hula rabi ba hula, aka kulle ɗakunan bayansa, Haris ya riƙa ce wa baƙi makullin ya ɓata.

Ranar da aka buga ƙusar ƙarshe aka yi ruwa da la'asar. Rahamatu ta zauna a falo, gefen kujerar, tana jin yadda yake kiɗa a kan kwano, ko ɗigo bai taɓa ta ba. Mas'uda ta shigo da taɓarya don sabo, ta duba sama, ta duba ƙanwarta, ta ajiye taɓaryar ta fita. Wannan ne karon da Rahamatu ta yi kukan da ba ta samu wurin yi ba a Kokoro.

Kamfani bai yi asara ba. Sun so ɗaukar hotonta ta hana, sai suka ɗauki na rufin da na zannuwan da ke kan igiya. Lado ya zo ya ce an kafa ƙaton allo a titin Koudoukou, ga ƙofar Yaya shuɗiya a jiki, an zana mata katanga fara dama da hagu, an rubuta cewa mutane sun fara tarewa, a hanzarta, an ƙara rage farashi.

"Kin san wanda ya saya?" in ji shi, yana ƙunshe dariya. "Nasidi. Fili biyu, nan bayanki. Ya ce tunda har aka yi wa bazawara rufi, kamfani da sauran rai, kuma kasuwa ta faɗi, yau ce ranar sari."

"Allah ya sa alheri," in ji ta. "In zai yi walima ka ce ni zan dafa."

Har yau filayen Nasidi igiya ce da turaku. Awakin maigadi a nan suke kwana.

Da ta fita takaba, magada suka zo duba abin da marigayi ya bari. Suka zagaya gidan, suka dubi dajin da ya kewaye shi, suka tambayi nisan kasuwa da na famfo, ba wanda ya ce a raba. Lado ya ce ta dawo Sankilo a nema mata ɗakin haya kusa da mutane.

"Kin tsufa fa, Hajiya. Miyarki ma dama ba gishiri, yanzu kuma ga nisan mai gishirin."

"Kai dai ka kawo in za ka zo. Na ga zaman gidan wani, ya ishe ni."

Tana nan. Ita da Mas'uda sun shuka kuɓewa da rogo a inda aka ce asibiti zai kasance. Bas ta rage zuwa, Haris ya bar sa taye. Katanga ba ta zo ba, ba kuma alamar za ta zo.

Amma kullum da safe, in ta idar da salla gari ya yi haske, sai Rahamatu ta kwance makulli daga haɓar zane, ta je ta zare sakatar sama da ta ƙasa, ta buɗe ƙofar shuɗiya. In za ta ɗebo ruwa ta nan take fita, ko da kuwa rijiyar na bayan gida, sai ta zagayo. Mas'uda ta yi magana har ta bari. Da magariba kuma ta kore awaki, su fita ta cikin ciyawa yadda suka shigo, ita ta tura ƙofar, ta kulle.